Kitse a cikin jini: abin da gwaji ke faɗa kan ragon layya, tunkiya mai ciki da jaki

Ga bayanin shirinmu na wannan mako a rubuce, domin waɗanda tafiya ta hana su saurare, da waɗanda suka ji amma suna son su sake bi a hankali.

Maganar ta taso ne daga Abijan. Wanda ya san unguwar Treichville ya san idan layya ta matso, hirar da ake yi a bakin babban masallaci bayan an sallame ba ta wuce ta raguna: mota nawa ta sauka a kasuwar dabbobi, nawa ne kuɗin lodi, wa ya yi asara a hanya. Haka abin yake a Adjamé. A 'yan shekarun nan wata baƙuwar kalma ta shigo cikin hirar, wato kolestarol. Mai saye ya dafa gadon bayan rago, ya ji kitse, ya ce ai wannan kolestarol ne zalla, a rage masa kuɗi. Mai sayarwa kuwa, wanda ya yi watanni yana zuba dusa da harawa da angurya a turke, sai ya rasa abin cewa. To, ana iya auna abin nan a jinin dabba, kuma an daɗe ana aunawa. Sai dai amsar da gwajin ke bayarwa ba ita ce mutane ke zato ba.

'Yan dakon kitse

Mu fara da abin da kowa ya sani. Mai da ruwa ba sa haɗuwa. Ku zuba man shanu a ƙwaryar ruwa, zai taso sama ya yi tasa ƙungiya. Jini kuwa mafi yawansa ruwa ne, amma dole kitse ya bi ta cikinsa ya je inda ake bukatarsa. Dabarar da jiki ke yi ita ce ya ƙulle kitsen cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwallaye da ido ba ya gani, kitse a ciki, furotin a waje. Likitoci na kiransu lipoprotin. Mu a nan za mu ce musu 'yan dakon kitse, don aikinsu ke nan.

Kayan da suke ɗauka iri biyu ne manya. Akwai kitsen da jiki ke ƙonawa ya sami ƙarfi, wanda a takardar gwaji ake rubutawa tirigiliserid. Akwai kuma kolestarol. Shi wannan ba guba ba ne, ku cire wannan daga ranku. Da shi jiki ke gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi ake yin ruwan matsarmama, da shi ake yin sinadaran haihuwa na namiji da na mace. Rago ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, ciyawa kuma kusan ba ta da kolestarol ko kaɗan, amma akwai shi a jininsa, domin jikinsa ke ƙera abinsa.

'Yan dakon kala-kala ne. Wasu daga hanji suke tashi da kitsen abincin da aka ci. Wasu hanta ke yi wa lodi ta tura su cikin jini, su ake kira VLDL. Idan VLDL ya sauke yawancin kitsensa a hanya, abin da ya rage, wanda ya cika da kolestarol, shi ne LDL. Sai HDL, wanda aikinsa bin lungu-lungu ya kwaso ragowar kolestarol ya mayar wa hanta. A jikin mutum LDL ne ke maƙalewa a bangon jijiya idan ya yi yawa, shi ya sa ake ce masa mugu, a ce wa HDL na kirki.

Kowane ɗan dako yana da furotin ɗinsa, kamar yadda kowace mota ke da direba. Na VLDL da LDL sunansa ApoB, kuma abin sha'awa, guda ɗaya tak ne a kan kowace ƙwallo. Ka ga ke nan idan ka ƙirga direbobi ka san yawan motocin da ke tasha, ko da ba ka leƙa kayan ciki ba. Na HDL sunansa ApoA-I. Auna waɗannan furotin shi ne gwajin da ya fi zurfi, ya fi auna jimlar kolestarol kawai.

Yadda ake aunawa

Likitan dabbobi zai ɗebi jini daga jijiyar wuya cikin 'yar kwalba. A ɗakin gwaji a sa kwalbar a na'ura mai juyawa da sauri, jan jinin ya kwanta ƙasa, ruwan jini ya taso. A dabba mai lafiya ruwan nan garau yake, mai ɗan rawaya. A zuba masa sinadari, ya canza launi gwargwadon yawan kolestarol ko tirigiliserid, na'ura ta karanta launin ta ba da lamba. Wannan shi ne na yau da kullum, kuma ba shi da wuya.

Rarrabe 'yan dakon ɗaya bayan ɗaya shi ne mai wahala. Wani masani a Amurka, John Gofman, shi ya buɗe hanyar a wajen shekarar 1950 da wata na'ura mai tsananin gudun juyawa, wadda ke jera su bisa nauyinsu: mai yawan kitse ya taso sama, mai yawan furotin ya nutse. Daga nan sunayen suka samo asali. Akwai kuma hanyar sa ruwan jini a kan wani faifai a ratsa shi da lantarki, kowane iri ya yi tafiyarsa daban.

Ga wani tarko da ya kamata ku sani kafin ku kashe kuɗinku. Yawancin ɗakunan gwajin da ke garuruwanmu na mutane ne. A can sau da yawa ba a auna LDL kai tsaye, lissafa shi ake yi da wata ƙa'ida da Friedewald da abokansa suka fitar a 1972, kuma da jinin mutane aka gina ta. Ka kai jinin saniya, na'ura ba za ta yi maka musu ba, za ta ba ka lamba, amma lambar LDL ɗin ba abin dogaro ba ce. Haka kayan auna ApoB: an yi su ne su gane furotin ɗin mutum, ba lalle su gane na tunkiya ba. Jimlar kolestarol da tirigiliserid kam suna aunuwa daidai ko a na'urar mutane, amma likitan dabbobi ne ya san ma'aunin da za a gwada su da shi. Sannan jinin da ya kwana a aljihu cikin zafin rana ya lalace. A akwatin ƙanƙara ake kai shi.

Zomo, kare da kaza

Mafi yawan abin da duniya ta sani kan kolestarol daga dabbobi aka koyo shi. A 1913 wani likita ɗan Rasha, Nikolai Anichkov, a birnin Saint Petersburg, ya riƙa ba zomaye kolestarol narke cikin mai. Bayan wani lokaci da ya buɗe su ya tarar jijiyoyinsu sun yi dasƙararren kitse a bango, irin wanda ake gani a jijiyar mutum mai ciwon zuciya. Da wasu suka gwada a kare da ɓera, abin bai faru ba. Shekaru masu yawa aka yi ana cewa ai wannan matsalar zomo ce kawai. Daga baya aka gane cewa kare da ɓera sun iya kawar da rarar kolestarol, kuma yawancin nasu yana kan HDL ne.

A 1973 wani likitan dabbobi a jami'ar Kobe ta Japan, Yoshio Watanabe, ya ci karo da zomo guda wanda jininsa ke cike da kolestarol alhali abincinsa ɗaya da na sauran. Ya yi ta haɗa shi barbara har ya fitar da zuriya guda mai wannan hali. Aka gano hantarsu ba ta da ƙofar karɓar LDL mai aiki, sai ya taru a jini, kamar motoci a bakin iyaka ranar da aka rufe. Irin wannan lahani akwai shi a wasu iyalai na mutane, kuma binciken ƙofar nan ne ya ba Michael Brown da Joseph Goldstein kyautar Nobel a 1985. Shi ma wani maganin rage kolestarol, wanda Akira Endo ya samo daga wata fumfuna a Japan, da aka ba ɓeraye bai yi komai ba. Sai da aka gwada shi a kajin ƙwai, sannan a karnuka, aka ga aikinsa.

Abin da nake son ku riƙe daga wannan tarihi shi ne kowace dabba da tsarin dakonta. Ba a auna rago da mudun mutum.

Saniya, tunkiya da akuya

Su waɗannan 'yan gidan HDL ne. A jinin saniya shi ke ɗauke da mafi yawan kolestarol, kusan kashi 80 cikin 100, LDL kaɗan ne. Saboda haka toshewar jijiyar zuciya ba ciwon garke ba ne. Saniyar tatsa ma kolestarol ɗinta hawa yake yi yayin da nono ke ƙaruwa kuma tana cin abinci sosai, kuma likita ba ya ɗaukar hakan a matsayin matsala. Wanda ke tayar masa da hankali shi ne ya ga lambar ta faɗi ƙasa.

Ga dalili. Hantar dabbobi masu tuƙa tana da rauni guda: ba ta iya yin lodin VLDL da sauri ba. Muddin dabba na ci tana ƙoshi, wannan ba ya damun kowa. Amma ranar da abinci ya yanke, jiki zai fasa rumbunsa, kitsen da ke jiki ya narke ya kwararo cikin jini, ya nufi hanta. Kaya na shigowa tasha babu ƙaƙƙautawa, motocin fitarwa kuwa 'yan kaɗan. Sai kitse ya taru a hantar kanta. Wani ɓangarensa hanta ta juya shi zuwa wani sinadari mai tsami da ake kira keton, wanda idan ya yi yawa yake kashe wa dabba sha'awar abinci, abin ya ƙara dagulewa. A gwaji za a ga kolestarol ya sauka, ApoB ya sauka, keton ya hau. Kuma dabbar da ta fi ƙiba ita ta fi shiga haɗari, don rumbunta ya fi girma.

Mahautanmu na Port-Bouët sun san wannan hanta ko da ba su san sunan ciwon ba. Za ka ganta ta koɗe, ta yi rawaya-rawaya, ta yi laushi, gefenta ya kumbura, wuƙa ta fito da maiƙo. Idan abin ya yi tsanani, ka yanki ɗan guntu ka jefa a ruwa sai ya taso. Daban take da hanta mai tsutsa, wadda hanyoyin cikinta ke kauri su yi tauri.

Yanzu ku haɗa wannan da hanya. Daga Yamai zuwa Abijan ta Wagadugu, Bobo-Dioulasso, Niangoloko, Ouangolodougou da Bouaké, tafiyar ta haura kilomita 1,500, ban da jira a shingaye da bakin iyaka. Wanda ya taso daga Maraɗi sai ya ƙara fiye da 600. Kwanaki ne dabba ke yi a tsaye, ruwa kaɗan, abinci kaɗan.

A nan zan raba muku magana, don kada a ce rediyo ta ce kitse ke kashe raguna. Ragon Balami ko Uda mai ƙiba, abin da ya fi kayar da shi a hanya zafi ne da ƙishi da matsi da ciwon huhu da ke biyo bayan wahala. Gwajin kitsen jini ba zai ƙare shi da komai ba, tsayawa a ba shi ruwa da rage cunkoso su ne maganinsa. Wadda wannan magana ta shafa kai tsaye ita ce macen da aka cusa cikin lodin don cike gurbi: tunkiya ko akuya mai tsohon ciki, musamman mai tagwaye. A makonni shida na ƙarshe 'ya'yan cikinta na jan sukari daga jininta dare da rana, ga su sun matse tumbi ba ta iya cin da yawa. Kwana ɗaya ko biyu ba abinci ya isa ya tayar da ciwon. Za ta ware daga sauran, ta ƙi ci, ta riƙa cizon haƙora, ta yi kamar ba ta gani, ta ɗaga kai sama, daga baya ta kwanta. Idan ta kai ga kwanciya, da wuya a tashe ta. Akwai 'yar na'urar hannu, irin ta masu ciwon sukari, da ke auna keton da ɗigon jini guda, kuma likitocin dabbobi na amfani da ita a kan tumaki. Idan lambar ta wuce 0.8 alama ce abinci bai wadace ta ba, idan ta kai wajen 3 ciwo ya riga ya kama. A ganina, tunkiya mai tsohon ciki ba kayan doguwar hanya ba ce, komai arhar da aka samo ta.

Saniyar da ta haihu sabo-sabo ita ma tana cikin wannan layi. Shanunmu na gida, Azawak, Bunaji, Rahaji da Gudali, nononsu bai kai ya tatse jikinsu haka ba, don haka abin ya fi yawa a shanun Turai masu baƙi da fari, wato Holstein, da ruwa-biyunsu. Masu sayen irin waɗannan ko maniyyinsu, ga wani labari da ya shafe ku. A 2015 masu bincike a Jamus suka bayyana wani ciwon gado a Holstein: maraƙi ya yi ta zawo ba ya jin magani, ya rame, ya mutu cikin makonni ko 'yan watanni. Da aka auna jininsu sai aka ga kolestarol kusan babu. Lahanin yana cikin ƙwayar gadon da ke ƙera ApoB, wato babu direba, kitsen nono ba ya iya barin hanji. Aka bi salsala har zuwa wani bijimi na Kanada mai suna Maughlin Storm, haihuwar 1991, wanda maniyyinsa ya zaga duniya. Sai maraƙi ya gada daga uwa da uba ciwon ke kashe shi, kuma yanzu ana gwada bijimai. Tambaya ce ta halal ku yi wa mai sayar muku.

Jaki

Jaki ba ya zuwa Treichville, amma shi ke kai kaya bakin mota a kasuwannin iyaka, kuma shi ne dabbar da jininta ke cika da kitse na gaske har ya kashe ta. Matsalarsa kishiyar ta saniya ce. Hantarsa ta iya lodi, har ta wuce gona da iri. Idan jaki ya daina ci, ko don ciwo, ko ciwon haƙori, ko wahalar tafiya, ko an raba shi da abokin zamansa, kitsen jikinsa ya narko, hanta ta yi ta tura VLDL cikin jini fiye da yadda jiki ke iya saukewa. A ɗebi jininsa a bar shi ya kwanta, ruwan da ya kamata ya fito garau sai ya fito fari kamar an zuba madara. Wannan ko ba na'ura ido na gani. A lamba, tirigiliserid na jaki mai lafiya ba ya wuce wajen 2.8, idan ya haura 5.6 an shiga ciwo sosai, kuma a rahotannin likitoci fiye da rabin waɗanda abin ya yi wa tsanani sun mutu, hanta da ƙoda suka gaza.

Jaka mai ciki, mai shayarwa, da jaki mai ƙiba su ne a gaba. Kuma jaki, kun san halinsa, ba ya nuna ciwo. Zai sa baki a abinci yana motsa leɓe kamar yana ci, alhali ba ya haɗiya. Ya yi sanyi, ya sunkuyar da kai, bakinsa ya yi wari. Jakin da ya yini bai ci ba, kada a ce taurin kai ne, a bari sai gobe. A nemo masa duk abin da yake so, ɗanyar ciyawa ko dusa mai ɗan zaƙi, a kira likita tun da wuri, don wani lokaci sai an ɗura masa ta hanci ko an yi masa ƙarin ruwa mai sukari. Kuma ba a rage wa jaki ƙiba da yunwa.

Mai cin naman fa?

Mu koma ga mai sayen nan na bakin masallaci. Shin yana da gaskiya? Rabi. Kolestarol ɗin da ke jinin rago ba shi ne zai koma jininsa ba, kuma jan nama, na rago mai ƙiba ko marar ƙiba, bai cika kai miligiram 100 a giram 100 ba. Inda kolestarol ya taru shi ne kayan ciki: hanta da ƙoda sun ninka tsoka sau da yawa, ƙwaƙwalwa kuwa ta haura miligiram 2,000. Amma abin da ya fi tura LDL ɗin mutum sama shi ne kitsen kansa. Ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbin rago suna juya man ciyawa da na angurya ya zama mai tauri, shi ya sa kitsen rago ke dasƙarewa a dasashi da zarar nama ya huce. Wannan kitse mai dasƙarewa shi ke rage wa hantar mutum ƙarfin janye LDL daga jini. Ke nan a yanke farin a ajiye gefe, ba a fasa sayen rago ba.

Kuma gaskiya, layya kwana nawa ce? Wanda ya fi bukatar gwajin nan shi ne ɗan uwanmu da ke tsaye a bakin wuta shekara da shekaru, mai tsire da balangu da ake kira shukuya a Abijan, wanda guntayen kitse su ne kalacinsa. Da mai cin garba kullum, wato acaken rogo da soyayyen kifi, abincin da mutanen Abijan suka laƙaba wa sunan 'yan uwanmu na Nijar masu sayar da shi. Da direban da ke zaune kwanaki a kujera yana shan shayi mai sukari da taba. Yawan LDL ba ya ciwo, ba ya nuna alama, siriri ma yana iya samunsa. Cibiyar kula da ciwon zuciya ta Abijan a Treichville ɗin take, a harabar babban asibitin koyarwa na unguwar, amma wannan gwaji ba sai an je can ba, ƙananan ɗakunan gwaji na yin sa.

Na dabbobi kuwa, a fara da likitan dabbobi na yankinku, shi zai ce ko akwai bukatar jini. Manyan wuraren gwaji akwai na Bingerville kusa da Abijan, da LABOCEL a Yamai, da cibiyar Vom a jihar Filato, da asibitocin koyar da likitancin dabbobi na jami'o'in Zariya da Sakkwato.

Abu na ƙarshe, ku masu yawo da takarda daga wannan ƙasa zuwa waccan. Ma'aunin ba ɗaya ba ne. A Abijan da Yamai sau da yawa za ku ga an rubuta g/L, a Najeriya kuma mmol/L ko mg/dL. Iyakar da ake so jimlar kolestarol na babban mutum ya tsaya ƙasa da ita ita ce 2 g/L, daidai da 200 mg/dL, daidai da wajen 5.2 mmol/L. Lambobin keton da na jaki da muka ambata a sama duk na mmol/L ne. Kada wani ya ga 2 a takardar Abijan, ya ga 5 a ta Kano, ya ɗauka ciwo ya ninku a hanya. A duba haruffan da ke gaban lambar, kuma idan likita ya ce a zo ba a ci komai ba, to a je da safe kafin koko, bayan awa 12 da cin abincin dare.